Rikicin Sub-Zero: Yadda Mutum Biyu Za Su Gyara Maƙala Ɗaya Ba Tare Da Sun Ɓata Ba

*"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Tudun Wadan Zariya. Ni da wani abokina na Samaru muka haɗu muka rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa a kan Sub-Zero, wani jarumi a wasan bidiyo na faɗa mai suna Mortal Kombat. Tun a layin farko muka saɓa. Na rubuta cewa sunansa na ainihi Kuai Liang, ya goge ya sa Bi-Han, na mayar, ya sake gogewa. Ana cikin haka sai wani edita ya manna sanarwa a saman maƙalar, wai ba ta da manazarta, wato majiyoyin da aka ɗauko bayanin, kuma ana iya share ta. Yanzu ko gaisuwar kirki ba ma yi. Don Allah wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma yaya za mu duba maƙalar tare mu gyara ta kafin a share?"*

Ƙanena, tambaya biyu ka yi, kuma wadda ta fi ƙona maka rai ita ce ƙaramar. Kana son a raba muku gardama a kan suna, sannan kana son a ceci maƙalar. Maganar suna zan gama da ita yanzu-yanzu. Sanarwar da aka manna muku kuwa, a nan gizo ke saƙar, domin ko da kun daidaita a kan sunan tun ranar farko, da sai ta zo.

Kai da abokinka duk kuna da gaskiya, saboda Sub-Zero ba mutum ɗaya ba ne a labarin wasan. Wa da ƙane ne. Wanda ya fito a Mortal Kombat na farko, na shekarar 1992, shi ne babban, wato Bi-Han, kuma abokin gabarsa Scorpion ya kashe shi a gasar faɗan da ke cikin labarin wasan. Daga Mortal Kombat II na 1993 ƙanensa Kuai Liang ya ɗauki sunan da shuɗin kayan, shi ne kuma wanda ya fito a na uku a 1995 fuska a buɗe da tabo a ido. Marigayin bai tafi ke nan ba, ya dawo a matsayin baƙar inuwar nan Noob Saibot, abin da aka bayyana a wasan Deception na 2004. Sai kuma aka zo 2023 da wasan da suka kira Mortal Kombat 1, aka sake zubin labarin daga tushe: Bi-Han ne Sub-Zero, Kuai Liang kuma shi ne Scorpion. Ina zargin abokinka sabon yake bugawa ko yake kallo a YouTube, kai kuma da na tsakiyar ka tashi. Kowannenku ya riƙe wasan da ya sani yana ganin ɗan'uwansa ne bai san komai ba.

Maganin abin jimla ɗaya ce. Ku rubuta cewa suna ne da 'yan'uwa biyu suka ɗauka a labarin, ku faɗi wane ne a wane wasa, da shekara. Duk inda kuka ga kuna jayayya a kan jarumin wasa mai dogon tarihi irin wannan, kafin a kai ga wa ya fi sani, ku fara tambayar juna, a wanne daga ciki?

Abin da ya jawo muku sanarwar

Ban ga maƙalarku ba a lokacin da nake wannan rubutu, amma na duba irinta da yawa, har zan iya cewa na san kamanninta. Za ta fara da cewa Sub-Zero jarumi ne na ƙungiyar Lin Kuei mai iya daskarar da abokin gaba, daga nan ta bi labarin daki-daki: wa ya kashe wa, wa ya ci amanar wa, wa ya zama shugaba. Sakin layi takwas, goma, duk a cikin duniyar wasan, ba a leƙo waje ko sau ɗaya ba.

Ni ma da haka na fara. Na tashi ina kai kuɗin tarana gidan gem a Sabon Gari, inda ake layi a kan benci ana jiran wanda aka cinye ya miƙo hannun gem ɗin, don haka lokacin da na fara rubutu a kan irin waɗannan jarumai gani nake babu wanda zai gaya mini wani abu. Wata rana da yamma na karanta wa yayata wata maƙala da na rubuta, tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, "Allah sarki. Shi wannan bawan Allah a wace ƙasa aka yi shi, kuma ya bar iyali?" Da gaske take. Babu wuri ɗaya a rubutun da ya nuna mata cewa wasu mutane ne suka zauna a ofis suka ƙirƙire shi. Tun daga ranar na canza yadda nake fara irin wannan maƙala.

Kundin ilimi ba ya ba da tarihin rayuwar wanda bai taɓa rayuwa ba. Abin da yake bayarwa shi ne labarin yadda mutane suka ƙera shi, da abin da ya faru da shi da ya shigo duniyarmu. Labarin cikin wasan yana da gurbinsa, amma ɗan taƙaitacce, kuma a rubuta shi daga waje: "a wasan 1993 an nuna cewa", "marubutan sun mayar da shi". Idan maƙala ba ta da komai sai labarin ciki, edita mai wucewa ba ya ganin dalilin da zai sa ta tsaya da ƙafarta, shi ya sa ya manna muku abin da ya manna. Kada ku ɗauke shi maƙiyi. Da yana son cutar da ku da bai sanar da ku ba.

Kun ma yi sa'ar jarumi, don Sub-Zero yana da labarin waje mai kauri. Kamfanin Midway na birnin Shikago a Amurka ne ya fitar da wasan, kuma mutum huɗu ne ƙashin bayan aikin: Ed Boon mai rubuta manhajar, John Tobias mai zane da labari, John Vogel, da Dan Forden mai sauti. Ba zana mayaƙan suka yi da hannu ba, mutane na gaske suka ɗauka a bidiyo suna naushi da shuri, sannan suka mayar da hotunan cikin na'ura. Mutum ɗaya, Daniel Pesina, shi ya sa kayan ya yi motsin Sub-Zero da na Scorpion, aka canza launi kawai, wannan shuɗi wancan rawaya, don ma'ajiyar na'urar lokacin ba ta da yalwa. Wato gabar da yaran gidan gem ke rantsuwa a kanta, asalinta tsimin wuri ne. Hatta sunan Noob Saibot, karanta shi daga baya ka ga: Boon da Tobias ne aka juya.

Sai babban lamarin. Kisan ƙarshe da Sub-Zero ke yi a wasan farko, inda yake fizge kan abokin karawa har da ƙashin baya, yana cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙura a Amurka. Da aka kawo wasan na'urorin gida a 1993, kamfanin Nintendo ya sa aka cire jinin aka sauya wannan kisan a tasa na'urar, kamfanin Sega kuwa ya bar shi a ɓoye sai wanda ya san lambar sirri. A watan Disambar wannan shekara Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka jagoranci zaman sauraron bahasi a majalisar dattawa a kan tashin hankali a wasannin bidiyo, Mortal Kombat na tsakiyar maganar. A 1994 masana'antar ta kafa hukumar ESRB mai sa wa kowane wasa alamar shekarun da ya dace da su. Ka ga wannan tarihi ne na gaske, da majalisa da kamfanoni da shekaru. Shi ya kamata ya ci rabin maƙalarku. Ku ƙara da cewa a 1997 an yi masa wasa nasa shi kaɗai, Mortal Kombat Mythologies: Sub-Zero, wanda masu sharhi ba su yaba ba. Ku rubuta hakan ko da bai yi muku daɗi ba, don maƙalar da ta zama kirari zalla ita ma ana manna mata tata sanarwar.

Gani bai kori ji ba a nan

Wannan shi ne wurin da sababbin editoci suka fi jin ciwo. Mu mun saba cewa gani ya kori ji. A Wikipedia rubutacce ne ya kori gani. Ka buga wasan sau dubu, amma idan ka rubuta cewa Sub-Zero ya fi kowa farin jini, za a ce maka wa ya faɗa, a ina aka buga? Abin da ya faru ƙarara a cikin labarin, kamar cewa Scorpion ya kashe babban wan, ana iya jingina shi da wasan kansa. Amma duk abin da ya shafi fassara, ko dalili, ko daraja, ko tasiri, sai an kawo wanda ya rubuta shi a wurin da ake tace rubutu kafin a buga.

Manazarta kuma hawa-hawa ce. Shafukan masoya irin na Fandom suna da amfani wajen tuna maka jerin abubuwa, amma kowa na iya rubutu a cikinsu, don haka ba a kafa hujja da su. Haka Wikipedia ta Turanci, ba a kafa hujja da ita a ta Hausa. Abin da ake yi shi ne ka gangara ƙasan maƙalar Turancin, ka buɗe majiyoyin da suka kawo ɗaya bayan ɗaya, ka karanta da idonka, ka ɗauki wanda ya faɗi abin da kake son faɗa. Ina jaddada karantawar, domin na sha kama jimla da lambar manazarta a gefenta, in buɗe in tarar majiyar ba ta ce haka ba. Kafofin labaran wasanni irin su IGN da GameSpot da Eurogamer da Polygon suna da editoci, ana karɓarsu. Tsofaffin mujallu na shekarun 1990 kamar GamePro da Electronic Gaming Monthly ana samun da yawansu a rumbun Internet Archive, kuma su suka fi nuna yadda aka karɓi wasan a lokacinsa. Hirarrakin da aka yi da Boon da Tobias suna da kyau ga sashen ƙirƙira, amma ba sa tabbatar da cewa jarumin ya cancanci maƙala tasa, don mai abu ne ke maganar abinsa.

Ra'ayina a kan rubuce-rubucen nan masu taken "jarumai goma mafiya kaza": ku rage dogaro da su. Layi biyu ne a kan kowane jarumi, an rubuta don a danna. Majiya uku da suka zauna suka yi magana mai tsawo a kan Sub-Zero kansa sun fi irin waɗancan ashirin.

Yadda za ku yi aikin ku biyu

Da farko ku daina mayar wa juna gyara, yau ɗin nan. A Wikipedia ta Turanci akwai ƙa'ida cewa wanda ya soke gyaran wani fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya dakatar da shi, kuma ko ina ne masu kula da shafi ba sa son wannan ja-in-ja. Ban da haka, komai yana nan a tarihin maƙalar. Duk wanda ya buɗe zai ga sunanka da na abokinka kuna kai da komo a kan kalma biyu, abin ba kyan gani.

Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta. Can za ku kai maganar, ko da kuwa kuna iya haɗuwa a wajen mai shayi a Kwangila ku gama ta baki da baki. Ku haɗu ɗin, ku sha shayin, amma abin da kuka yanke ku rubuta shi a can ku sa hannu. Dalili kuwa, maƙalar ba taku ba ce ku biyu. Wata shida nan gaba wani daga Katsina ko Maraɗi zai zo ya ga Bi-Han ya ce kuskure ne, to idan ya tarar da bayaninku a rubuce, ya huta kun huta. A wannan shafin ne kuma za ku yi wa editan da ya manna sanarwar magana, cikin ladabi: mun gani, muna kan aiki, ga majiyoyin da muka samo, a ba mu 'yan kwanaki. Yawancin editoci idan suka ga motsi suna saurarawa. Kada ku cire sanarwar da kanku kafin ku gyara abin da ta ambata.

Sannan ku raba aikin, kada ku zauna a kan jimla ɗaya ku biyu, wankin hula zai kai ku dare. Yadda nake yi da abokan aikina shi ne, ɗaya ya ɗauki sashen ƙirƙira da tsarawa, ɗaya ya ɗauki sashen karɓuwa da ce-ce-ku-ce, kowa ya rubuta nasa a shafin gwajinsa, wato shafin da edita ke gwada rubutu kafin ya sa a maƙala. Bayan kwana biyu ko uku a yi musaya. Mai dubawa ba ya taɓa rubutun da farko. Yana bin jimlolin ne yana buɗe kowace majiya, ya rubuta abin da ya gani a shafin tattaunawa: jimla ta uku, majiyar ta ce 1995, kai ka sa 1996, sakin layi na biyu, wannan ra'ayinka ne ko na wani? Mai rubutun shi zai gyara da hannunsa. Wannan 'yar dabarar ta hana faɗa da yawa, domin mutum ya fi jure a nuna masa kuskure a kan ya wayi gari ya ga an share masa aikin dare. Kuma ku riƙa cike ɗan akwatin nan na bayanin gyara. "Na gyara shekara bisa majiya ta 4" ya isa.

Labarin cikin wasan, wanda kuka fi so, ku bar shi ƙarshe ku rubuta tare, kuma ku yanka shi ba tausayi. Gabatarwa kuma ita ce ta ƙarshen ƙarshe, don taƙaita abin da ke ƙasa take yi. Idan kun gama, ku nemo mutum na uku wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba ku karanta masa da ƙarfi. Inda ya yamutsa fuska, ku sa alama.

Hausar kanta

Idan fassara kuka yi daga Turanci, ku faɗi haka a bayanin gyara, don lasisin Wikipedia ya wajabta a ambaci inda aka ɗauko. Kuma ku yi hattara da injin fassara, a wannan fannin yana tafka ta'asa. Kalmar Turancin da ke nufin jarumin labari ita ce ke nufin hali, sai ka ga an rubuta "Sub-Zero hali ne na almara". Wadda ke nufin mayar da wasa daga wata na'ura zuwa wata ita ce ta tashar jiragen ruwa, na taɓa ganin maƙalar da ta ce wasan ya samu tashoshin jiragen ruwa a 1993. Wani lokaci ma sunan kansa injin ke fassarawa, jarumi ya koma "ƙasa da sifili". Suna ba a fassara shi. Sai dai a faɗi ma'anarsa sau ɗaya, cewa yana nuni da sanyin da ya wuce na daskarewar ruwa, don mai karatu ya gane alaƙarsa da ƙanƙara.

Inda babu kalma a Hausa, ku bayyana abin a sauƙaƙe. Na'urorin da aka fara fitar da wasan a kansu, ku ce manyan akwatunan wasa na shaguna da ake jefa wa kwabbai. Canjin launin nan, ku ce hoto ɗaya ne aka sauya wa launi. Kada ku ji kunyar wannan aikin, a garin nan aka saba yin sa. Tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta, ake fama da yadda za a faɗi baƙon abu da Hausar da mutumin ƙauye zai gane, kuma yaƙin duniya suka bayar da labarinsa da ita, balle wasan faɗa. Abu ɗaya dai, ku tsaya a kan kalma guda. Idan "jarumi" kuka zaɓa, kada a tsakiya ya koma "ɗan wasa", ya ƙare a "tauraro". Ni na fi son "jarumi", don "ɗan wasa" na iya rikicewa da mai riƙe da hannun gem ɗin, ko da shi Pesina da ya sa kayan.

Hoto kuma, kada ku ɗauko daga intanet ku ɗora. Hoton Sub-Zero mallakar kamfani ne. Midway ta durƙushe a 2009, Warner Bros. ta sayi wasan, kuma sashenta na NetherRealm ke yin sa yanzu. Rumbun Commons, inda Wikipedia ta kowane harshe ke ɗaukar hotuna, ba ya karɓar sai abin da aka saki kyauta, kuma hoton allon wayarka kana cikin wasa bai zama naka ba don kai ka ɗauka. Ku duba ko akwai hoton ɗaya daga cikin maƙirƙiran da wani ya ɗauka a taro ya sake shi. Idan babu, maƙala ba hoto ta fi maƙala da hoton da za a cire gobe.

Ba zan yi maka alkawarin cewa maƙalar za ta tsira ba, don hukuncin ba a hannuna yake ba, na jama'ar editoci ne, kuma sukan saɓa a kan jaruman wasanni. A ta Turanci an haɗe maƙalun jarumai da yawa cikin jeri guda saboda ba a samu isassun majiyoyi a kansu ba. Sub-Zero dai yana cikin waɗanda suka fi ƙarfin hujja, saboda maganar majalisar nan da yawan abin da aka rubuta a kansa. Amma idan gobe kuka ce za ku yi wa kowane mayaƙi na wasan tasa maƙalar, zan ce ku dakata. Ku fara duba ko maƙalar Mortal Kombat kanta tana nan da Hausa kuma tana da ƙwari. Idan babu ko ta rame, ita ce aikinku na gaba, ƙananan jaruman su zauna a cikinta layi uku-uku. Ko da an yanke a haɗe taku da ita, rubutunku mai manazarta zai koma can ne, sunayenku na nan a tarihi.

Yau da daddare ka kwafe maƙalar yadda take ka ajiye a shafin gwajinka don kada a share ku rasa komai. Sannan ka kira abokinka kai da kanka, ka ce masa Bi-Han ɗinsa na nan, Kuai Liang ɗinka ma na nan, ka tambaye shi wanne zai ɗauka tsakanin sashen ƙirƙira da na majalisa.